Musayar waƙa: na samu aiki amma barci ya ƙi zuwa

Ɗan Samaru: Salam 'yan uwa, na gama digiri na biyu a nan Amurka, wani babban kamfanin fasaha ya ɗauke ni ran Litinin zan fara, amma wallahi tun da na sa hannu a takardar nan ban runtsa da kyau ba. Ga nawa:

Gida ana guɗa, Inna na rabon alewa,
Ni ko a nan zuciyata sai bugawa,
Meta ta sallami 11,000 a Nuwamban 2022 ba sassautawa,
Google 12,000 a Janairun 2023 ba ko waigawa,
Manya sun tafi, ina ga ni da ke farawa?

Gimbiyar Fagge:
Ɗan Samaru ka cika raki,
Mu nan shekara uku muna neman aiki,
Kwalin digiri na shan ƙura a ɗaki,
Kai ka samu kana kuka, abin mamaki!

Ɗan Samaru:
Gimbiya daina yi mini tsaki,
Ke in an ƙi ki, ga tuwon gida ga ɗaki,
Ni bizata rataye take a wuyan aiki,
Ran da ya tsinke sai jirgi, babu birki.

Na Ƙofar Mata: Duk da haka Gimbiya ce ta ci wannan zagayen, Kano ko da me ka zo an fi ka!

Baban Zongo: Ku bar yaron nan, gaskiya ya faɗa.

Abin da yake tsoro mun gan shi a Ghana,
Ofishin Twitter na Accra, da buɗewa 'yan kwana,
Elon Musk ya sallami kusan kowa, aka rasa ta magana,
Samari masu ilimi suka koma gida da rana.

Malam Mai Arul: Ɗan Samaru, ɗangonka na uku ka karanta shi da baki ka ji, "dubu goma sha ɗaya a Nuwamban dubu biyu da ashirin da biyu", numfashi ma sai ya ƙare kafin a kai amsa-amo, kari ya karye tun daga Meta. Kuma ka fara da ƙwar biyar ka dawo ƙwar huɗu.

Bazazzagiya: Haba Malam, mutum na maganar abincinsa kai kana ƙirga gaɓa? Ita Gimbiyar taku ai ɗangonta na farko gajere ne ba ka ce komai ba saboda 'yar garinku ce.

Malam Mai Arul: Gajere daban, karyayye daban, 'yata. Waƙa muka zo yi.

Na Ƙofar Mata: Faɗa mata dai Malam

Yaya Injiniya: Yanzu na tashi aiki na tarar da wannan rigimar. Ƙanena kwantar da hankalinka, ni an taɓa sallamata, da asuba na buɗe kwamfuta ta ƙi karɓar lambar sirrina, imel ɗin kora na tarar a wayata. Ina kan bizar aiki ta H-1B, kwana 60 kacal gare ni in samu wani aikin ko in bar ƙasar, a na 41 na samu wani wurin. Kai da ke kan OPT, izinin aikin da ake ba ɗaliban waje bayan gama karatu, kwana 90 ne naka.

Albashin farko kar ka ci bashin mota,
Tara kuɗin hayar wata shida ka ɓoye ta,
Wanda kuka yi aiki tare riƙe lambarsa da zumunta,
Shi ya kai sunana inda aka ɗauke ni, ba takarda ta.

Malam Mai Arul: Ɗangon ƙarshe ya ɗingisa, amma na yafe.

Gimbiyar Fagge: Maganar biza ban san haka take ba wallahi, na janye rakin.

Je ka fara, Allah Ya riƙa maka,
In ka zauna daram ka tuna da 'yar uwarka.

Ɗan Samaru: Amin Gimbiya, turo takardunki. Yaya na gode, motar har na je na gani jiya, na fasa. Abin da ya rage Inna ce, ta riga ta gaya wa dangi ni zan biya kuɗin makarantar ƙannena biyu daga watan gobe, ban san ta inda zan fara mata zancen ajiyar wata shida ba.