Gigin tsufa ne ko rashin gwaji?

Sista: Abin nan ya ishe ni. Da tsoho ya fara mantuwa sai a ce gigin tsufa, kowa ya naɗe hannu. Ba a duba tayirod (ƙullin da ke gaban wuya mai samar da homon), ba a duba bitamin B12, ba a tambayi maganin sugan da yake sha ba. Homon ɗin tayirod in ya yi ƙasa yana kawo nauyin kai, kasala, jin sanyi da taurin bayan gida. A yi TSH kawai, gwajin jini na aikin tayirod, wasunsu za su warke.

Likita: Sista, "warke" fa kika ce. Wanda tayirod ɗinsa ya gaza, yawanci levothyroxine, maganin da ke maye homon ɗin, zai yi ta sha har ƙarshen rayuwa.

Sista: To in hankalinsa ya dawo, me sunan wannan?

Ɗan Famasi: Sauƙi ya samu. Mai hawan jini ma ba a cewa ya warke. Sauƙin ma sai an sha levothyroxine ɗin daidai: da safe kafin a ci komai, a jira minti 30 zuwa 60, a sa tazarar awa 4 tsakaninsa da kalsiyam ko maganin ƙarin jini. Bayanin da ba ku yi a asibiti ke nan.

Likita: Malam, ku da kuke miƙa wa tsoho maganin suga glibenclamide ba takarda? In ƙoda ta yi rauni maganin yana daɗewa a jiki, suga ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL, ga gumi, ga karkarwa, ga sambatu. Iyali su ce gigi ne.

Ɗan Famasi: Ranka ya daɗe, wa ya fara rubuta masa shi?

Ɗan Lab: Kafin a kai ga warkewa, waye ma mara lafiyar? TSH yana ɗan hawa da shekaru. Mai shekara 80 da TSH ɗinsa ya ɗan hau zuwa 6, amma T4 ɗinsa, wato homon ɗin tayirod, daidai yake, a maimaita bayan wata 2 ko 3 tukuna. Binciken TRUST na 2017 a kan mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama ya nuna irin waɗannan ba su ji wani bambanci da levothyroxine ba. Sista, B12 kuma ba homon ba ne.

Sista: Ban ce homon ba ne, ka koma ka karanta. Shi dai ƙarancinsa, wanda daɗewa a kan maganin suga metformin ke jawowa, in an kama shi da wuri ana warkewa.

Likita: Kin sake dawo da kalmar. In jijiya ta riga ta lalace ba ta komawa duka. Shi kuma levothyroxine, tsoho mai ciwon zuciya a maikrogiram 25 ake fara masa, a sake TSH bayan mako 6 zuwa 8. In ya yi yawa, bugun zuciya ya rikice, ƙashi ya zaizaye.

Unguwarzoma: Ku maza kun taru a kan Sista. Ni "gigi" ce ma ba na so, iyayenmu ne fa.

Ɗan Lab: Hajiya, ita ta fara faɗin kalmar.

Ɗan Famasi: Tunda ni ne admin, bari in taƙaita. An amince sauƙi ake samu, ba warkewa ba, kuma matsalar daga asibiti take, ba a koya wa mutane shan magani. Zancen glibenclamide ba ya cikin maudu'i.

Sista: Wa ya amince? TSH ɗin da na ce a yi fa?