Ritaya ta matso ga mai ciwon ƙugu: wace inshorar lafiya ya kamata in koma?

Baban Sadiya

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kano, kuma nan da 'yan watanni zan cika shekara 35 a bakin aiki. Na daɗe ina fama da ciwon ƙugu mai saukowa ta ƙafar hagu har zuwa diddige, wanda likitoci suka ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya goce yake danne jijiya. A halin yanzu ina ƙarƙashin tsarin ma'aikata na NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa: asibitin da na zaɓa ya rubuta mini takardar turawa, kamfanin HMO, wato mai shiga tsakanin hukumar da asibitoci, ya ba da lambar amincewa, sannan in je Asibitin Ƙashi na Dala in ga likita a kuma yi mini gashin ƙashi. Kowane dare ina shan pregabalin, idan ciwon ya motsa sosai likita kan rubuta mini tramadol na 'yan kwanaki, kuma kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani kawai nake biya.

An shaida mini cewa da zarar sunana ya fita daga jerin masu karɓar albashi, katin ya daina aiki. Wani abokin aikina ya ce in shiga GIFSHIP, wani shiri na hukumar da mutum ke biya wa kansa, babban ɗana kuma yana so ya saya mini inshorar wani kamfani mai zaman kansa, domin a cewarsa can babu dogon layi. Wanne ne ya fi dacewa da mai larura irin tawa, kuma me ya kamata in yi tun yanzu don kada magani ya yanke mini a tsakani?

Abu Hafsat

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa a gama lafiya. Na yi aiki a teburin bayar da lambar amincewa na wani kamfanin HMO, don haka zan yi magana a kan abin da na gani da idona.

Niyyar ɗanka mai kyau ce, amma kafin ya biya ko sisi, ya nemi cikakkiyar takardar sharuɗɗan tsarin ya karanta sashen cututtukan da mutum ya shigo da su. Kamfanoni masu zaman kansu da yawa, idan mutum ɗaya ne ya sayi inshorar da kansa ba ta hanyar ma'aikata ba, sukan jinkirta ɗaukar nauyin tsohuwar cuta na tsawon watanni, wasu ma su cire ta gaba ɗaya. Akwai kuma iyakar shekarun haihuwa, da iyakar kuɗin magani a shekara, da ƙayyadadden adadin zuwa gashi. Mai zazzaɓi ko gudawa ba zai taɓa jin nauyin waɗannan sharuɗɗa ba, amma kai abin da ya kawo ka shi ne daidai abin da suka killace.

GIFSHIP kuwa shiri ne da hukumar ta ƙaddamar a 2020, tun tana amsa sunan NHIS, domin waɗanda ba sa cikin tsarin ma'aikata, har da 'yan fansho. Ana biyan kuɗin shekara ɗaya gaba ɗaya, kuma tsarin zuwa asibiti irin wanda ka saba ne. Sai dai akwai lokacin jira tsakanin ranar biya da ranar da sunanka zai bayyana a rajistar asibiti, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke faɗawa rami, domin sai albashi ya tsaya suke fara neman fom. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, amma wannan ba ya nufin za a mayar da kai sabon shiri ba tare da ka nema ba. Ka je ofishin hukumar na jiha da takardar sanarwar ritayarka da lambar NIN, ka nemi su nuna maka ranar da za ka biya domin sabon shirin ya fara aiki daidai lokacin da tsohon zai ƙare.

Abu na ƙarshe, wanda a wurina ya fi sauran nauyi: kada ka canza asibitin farko, wato wanda ka zaɓa yake tura ka, sai dole. Ana biyan asibitin farko wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mutum, ko ya zo ko bai zo ba, don haka sabon asibitin da bai san ka ba ba lallai ne ya yi murna da mai zuwa duk wata karɓar magani ba, kuma yana iya cewa sai an sake bincike daga farko kafin ya tura ka. Hoton MRI kuwa rabin kuɗinsa kawai tsarin yake ɗauka.

Ummu Khalil

Baba, sannu da jiki. Ni mai harhaɗa magunguna ce, kuma ɓangaren magani ne ya fi tayar mini da hankali a bayaninka. Pregabalin ba magani ne da ake dainawa dare ɗaya ba. Wanda ya daɗe a kansa, idan ya yanke kwatsam, yakan shiga rashin barci da gumi da tashin zuciya da fargaba, ciwon kuma ya dawo da ƙarfi, shi ya sa likita ne ke rage shi sannu a hankali idan za a bar shi. Saboda haka a ganawarka ta ƙarshe kafin ritaya ka faɗa wa likitanka ƙarara cewa inshorarka za ta sauya, ku tsara yadda maganin zai kai ka har sabon kati ya fara aiki.

Ka kuma roƙe shi rahoto a rubuce, mai ɗauke da hatimin asibiti, wanda ya bayyana sunan larurar, da sakamakon hotuna, da magungunan da aka gwada ba su yi ba, da adadin da kake sha yanzu. Dalilin nacewata a kan wannan shi ne yadda tramadol ya yi ƙaurin suna a ƙasar nan. Mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai NAFDAC ta amince da shi, kuma likitan da bai san ka ba, idan ka shiga ka ambaci sunan maganin da bakinka, zai iya yi maka kallon da bai dace da dattijo ba. Takarda ita ce za ta yi maka magana. Kada kuma tsoron yankewa ya sa ka tara shi a gida.

Abin da na fi gani a kanti shi ne, idan inshora ta tsaya sai mutum ya koma sayen diclofenac ko ibuprofen yana sha safe da yamma saboda arha. Ga mai shekarunka wannan hanya ce ta gyambon ciki da lalacewar ƙoda, musamman idan akwai hawan jini.

Hajiya Goggon Yara

Malam, Allah ya ba da lafiya. Ni na riga ka fita, kuma ciwon gwiwa ne nawa. Na yarda da Abu Hafsat a kusan komai, sai dai ina ganin ya yi saurin wuce hukumomin inshorar lafiya na jihohi. Kano tana da KSCHMA, Kaduna tana da KADCHMA, kuma suna karɓar waɗanda ba ma'aikatan jiha ba. Ba na cewa ka zaɓe su, amma ka ɗauki jerin magungunanka ka je ka tambaya ko suna cikin waɗanda suke bayarwa, da kuma asibitocin da suke tura masu ciwon ƙashi, sannan ka auna.

Ka kuma ware kuɗin shekarar farko daga albashinka na yanzu. Kuɗin fansho ba washegarin ritaya yake fitowa ba, kuma ni a watannin jiran nan ne na daina zuwa gashi, har gwiwar ta sandare ina sallah a kan kujera. Kafin ka bar wurin mai gashin, ka sa ya koya maka motsa jikin da za ka iya yi a kan tabarma a gida, ya zana maka a takarda.

Baban Sadiya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan je ofishin hukumar, kuma na tura wa yaron maganar sharuɗɗan. Saura tambaya ɗaya: uwargida da ƙananan yara biyu suna kan katina, shin su ma nasu zai tsaya ne?

Abu Hafsat

Zai tsaya, Alhaji, domin ta kanka suka shiga. Tsarin ma'aikata yana ɗaukar ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 a kan gudummawa ɗaya, amma a GIFSHIP yawan mutane ne ke ƙayyade kuɗi. Ka tafi da lambobin NIN ɗinsu su ma, a lissafa maka na mutum huɗu, kuma idan Hajiya tana karɓar wani magani duk wata, a yi mata irin rahoton da Ummu Khalil ta ambata.