Kafin ka biya kuɗin fili a ƙauye: abin da aka tattauna

Magina, dillalai da wani ma'aunin filaye sun zauna kan cinikin fili da gida a karkarar Kano da Jigawa. Inda suka fi daɗewa shi ne gado. Yawancin rikici yana tasowa ne idan ɗa ɗaya ya sayar da gonar mahaifinsu alhali ba a raba ba, daga baya 'yan'uwa mata su kai ƙara, alƙali ya warware cinikin. Don haka a nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kowane magaji ya sa hannu a gaban mai unguwa da dagaci. A tara maƙwabtan kusurwa huɗu ranar awo, a kafa turakun siminti nan take.

Takardar dagaci shaida ce kawai. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka a karkara, can za a kai takardar. A kuma tambaya ko filin ya shiga burtali ko makabarta.

Sai ruwa. A je a ga wurin a watan Agusta, domin rani yana ɓoye kwari. Mutanen Auyo da Haɗeja sun ga haka a ambaliyar 2022. Baƙar ƙasar fadama tana kumbura da damina, ta tsage da rani, bango ya bi ta. Mai ginin ƙasa ya ɗora shi a kan bulon siminti layi uku ko huɗu, ya kuma tsawaita bakin kwano don kada ruwa ya ci gindin bango.

La'adar dillali kuwa, a yanke ta tun kafin a fara ciniki.