Muhawara: Shin Yawan Maƙalu Ne Ma'aunin Ingancin Binciken Lafiya a Najeriya?

Malamin jami'a: A ganina, babu ma'aunin da ya fi adalci kamar ƙirga maƙalun da masananmu suka wallafa a manyan mujallu, tare da yawan masu binciken da suka kafa hujja da su, domin da wannan ake kwatanta mu da Masar da Afirka ta Kudu.

Likitar yara: Farfesa, ka yi mini afuwa, ban gamsu ba. Ka dubi gwajin SPRING da aka gudanar a Kano da Kaduna, wanda sakamakonsa ya fito a 2022. An gwada maganin hydroxyurea a kan yara masu sikila da ke fuskantar haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka ga ba a samu bambanci a yawan shanyewar ba tsakanin masu shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin jikinsu da masu shan 20. Ni da nake ganin uwa tana kwance bakin zane tana ƙirga kuɗin magani, na san darajar wannan aikin ba a yawan ambatonsa take ba.

Malamin jami'a: Ai Dakta, kin ƙarfafa maganata, tunda a mujallar Lancet Haematology aka buga shi.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Ranka ya daɗe, ƙirga ba ta bambance tsaki da tsakuwa. Na taɓa aiki da wani da ya yanka bincike ɗaya gida uku, ya biya kuɗi ga mujallun da ke karɓar maƙala cikin mako guda ba tare da tantancewa ba, kuma da su aka yi masa ƙarin girma. Ga kuma Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa (NIPRD) da ke Abuja ta samar daga tsirranmu tun shekarun 1990, amma sarrafa shi ya yi ta tangal-tangal, kuma babu jadawalin maƙalu da zai nuna wannan asarar.

Malamin jami'a: Na yarda a tsame mujallun bogi daga lissafi, amma tasiri ga majinyata yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana, kwamitin ƙarin girma kuwa ba zai jira ba.

Likitar yara: To kwamitin ya nemi kowane mai nema ya kawo ayyukansa biyar mafi ƙarfi, a zauna a karanta su ɗaya bayan ɗaya, a kuma tambaye shi wane asibiti ne ya sauya yadda yake duba marasa lafiya saboda su.