Neman shawara: An ce in jagoranci addu'a domin shugabanni, zuciyata kuwa ta ƙi

'Yan'uwa cikin Ubangiji, salama gare ku. Zaɓe ya rage mako biyu, kuma fastonmu ya ɗora mini nauyin jagorantar addu'a domin shugabanni a sujadar Lahadi mai zuwa. Na amsa da baki, amma da na zauna zan rubuta abin da zan faɗa, sai na kasa ambaton shugaban da ke kan mulki da alheri, domin a ganina ya ci amanar waɗanda suka zaɓe shi. Takardar tana nan cikin Littafi Mai Tsarki, layi biyu kawai na rubuta, su ma na soke su. Barci kuma ya ƙaurace mini, nakan kai tsakar dare ina bin labaran zaɓe a waya, sannan rabona da magana da yayana tun ranar da muka yi musu a kan 'yan takara. Shin ba munafunci ba ne in tsaya gaban jama'a ina roƙa wa mutum albarka alhali ina fatan ya faɗi zaɓe?

Amsar wani dattijon ikkilisiya:

Ɗana, ka buɗe 1 Timoti 2:1-2 ka karanta a tsanake. Manzo Bulus ya ce a yi roƙo da addu'a da godiya domin sarakuna da dukan masu iko, ya kuma faɗi dalili: domin mu yi zaman lafiya da kwanciyar rai cikin tsoron Allah. Babu inda ya ce a roƙa musu daɗewa a kan kujera. Ka tuna kuma wanda ke kan gadon sarautar Roma a zamanin hidimar Bulus ta ƙarshe, wato Nero, wanda ya yi mulki daga shekara ta 54 zuwa ta 68, kuma shi ne ya ɗora wa Kiristoci laifin gobarar da ta cinye birnin a shekara ta 64, aka yi ta kashe su. Irin wannan sarki ne ikkilisiyar farko ta riƙa yi wa addu'a, ba tare da tana da ƙuri'ar da za ta cire shi ba. Tun kafin wannan ma, annabi Irmiya ya aika wa Yahudawan da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu da wasiƙa, yana cewa su nemi lafiyar birnin da aka kai su bauta, su yi addu'a dominsa, gama lafiyarsu tana cikin lafiyarsa (Irmiya 29:7). Idan kuwa kalmomi ne suka gagare ka, ɗauki Zabura 72. Addu'a ce domin sarki, amma abin da take roƙo shi ne ya yi wa matalauta shari'ar gaskiya, ya ceci mabukata, ya karya azzalumi. Wannan za ka iya roƙa da zuciya ɗaya domin wanda kake ƙi, ranar zaɓe kuma ka jefa ƙuri'arka inda lamirinka ya nuna maka.

Amsar wani matashi:

Baba, na yarda da bayaninku, sai dai ina da tsoro guda. Sau da yawa ana fakewa da Romawa 13, inda aka ce a yi biyayya ga masu mulki, domin a rufe bakin masu bi, har addu'a domin shugabanni ta koma kirari. Annabi Natan ya tsaya gaban sarki Dauda ya gaya masa laifinsa a kan Uriya, Yohanna Mai Baftisma kuma ya tsawata wa sarki Hirudus har ya rasa kansa. Saboda haka, ɗan'uwa, fushin da kake yi da zalunci ba zunubi ba ne, kada ka bari kowa ya sa ka ji kunyarsa. Abin da za ka kiyaye kawai shi ne kada ka mai da addu'ar ta zama habaici, domin jama'a suna gane wa'azin siyasa ko da an rufe ido an ce Amin.

Amsar wata uwa a ikkilisiya:

Ɗana, ni maganar barcinka da ta yayanka ce ta fi tsaya mini a rai. Na taɓa jagorantar irin wannan addu'a, na ambaci sunan ɗan takara ɗaya na manta da sauran, kuma tun kafin in koma wurin zamana na ga wata 'yar'uwa ta ɗauki jakarta ta fita. Wata uku muka yi kafin mu shirya. Tun daga lokacin, muƙamai nake ambata: mai mulki, masu neman mulki, ma'aikatan zaɓe, alƙalai, jami'an tsaro, da masu jefa ƙuri'a. A cikin almajirai goma sha biyu akwai Matiyu wanda ya karɓar wa gwamnati haraji, akwai kuma Siman da ake kira Zaloti, sunan da aka san masu adawa da mulkin Roma da shi, amma akushi ɗaya suka ci tare da Ubangiji, don haka ka sani mutanen da za su ce maka Amin ranar Lahadi ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Game da dare kuwa, ka ajiye wayar a wani ɗaki bayan addu'ar iyali, ka karanta Filibiyawa 4:6-7, kana tuna cewa daga kurkuku Bulus ya rubuta ta. Sannan ka nemi yayanka kafin Lahadi, domin Matiyu 5:23-24 ta ce a ajiye baiko a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode, Baba da Mama, da kai ɗan'uwana. Na sake ɗaukar takardar, na kwafi ayoyi huɗu na farko na Zabura 72, na jera muƙamai a ƙarƙashinsu. Na kira yayana da yamma bai ɗauka ba, amma gobe da safe zan je gidansa da ƙafata.