Daga kwali guda na dawo kara uku, amma ukun nan sun gagare ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana, akwai surukaina a wannan dandalin.

Shekaruna 49, kayan gyaran mota nake sayarwa. Na fara shan taba ina ɗan shekara 18, lokacin ina yaron mota a hanyar Kano zuwa Legas. Maigidana hannunsa na kan sitiyari, ni ke kunna masa in miƙa. Daga kunnawa sai zuƙa ɗaya, sai biyu, kafin shekara ta zagayo ni ma ina da tawa a aljihu. Sanda na kai talatin kwali guda nake tashi da shi a rana, wataran har in ɓare na biyu.

Da na yi aure na daina sha a gida. Da yara suka fara wayo na daina sha a unguwa gaba ɗaya. A majalisarmu mu shida ne mashaya, yau biyu sun bari, ɗaya Allah Ya yi masa rasuwa, sauran mun koma sha a ɓoye kamar masu laifi. Bara likita ya ce ina da hawan jini, na tsorata na yi ta ragewa har na dawo kara uku: ɗaya bayan shayin safe, ɗaya bayan abincin rana a bayan shago, ɗaya da dare kafin in shiga gida. Da azumi ina wuni lafiya lau, amma ana kiran Magariba, dabino uku da ruwa, sai ka neme ni ka rasa.

Tambayata biyu ce. Shin kara uku ma suna yin illa, ko in haƙura in zauna a haka? Sannan me ya sa na iya zubar da goma sha bakwai amma uku suka fi ƙarfina? Iyalina ba su san ina sha ba har yanzu.

Malamin Asibiti:
Wa alaikumus salam. Yaya, sannu da ƙoƙari, daga ashirin zuwa uku ba ƙaramin aiki ba ne. Amma zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi. Lissafin taba ba irin na kasuwa ba ne, da za ka ce na rage kaya don haka asara ta ragu daidai gwargwado. A 2018 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya tattara bincike 141, aka ga namijin da ke shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da na shanyewar ɓarin jiki na mai shan ashirin. Hayaƙi kaɗan ya isa ya sa jini saurin daskarewa ya kuma taɓa bangon jijiya. Ga shi kana da hawan jini, abu biyu ke nan a kan jijiya ɗaya. Kuma ka lura da kanka gobe: mai kara uku yakan ja ta har ƙasan ƙirji, ya riƙe hayaƙin, ya shanye ta sai ta kusa ƙona yatsa, abin da bai yi lokacin da kwali ke aljihu.

Kada kuma ka ce lokaci ya ƙure. A Birtaniya an bi likitoci maza tun daga 1951 har shekara hamsin, Richard Doll na cikin waɗanda suka jagoranci aikin. Sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna mashayi kan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwa, amma wanda ya bari yana 40 ya maido da kusan 9, mai 50 kusan 6, mai 60 kusan 3. Rai na hannun Allah, mu sababi muke magana a kai.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, tambayarka ta biyu ni zan amsa, don na sha ta shekara 34. Goma sha bakwai ɗin da ka zubar na cika baki ne, na hira da na zaman banza. Ukun da suka rage su ne masu gidan. Kowace an ɗaure ta da wani abu: ta safe da shayi, ta rana da ƙoshi, ta dare da ɗan kaɗaicin nan da magidanci ke nema kafin ya shiga gida a fara kawo masa lissafin cefane. Ni sau uku ina bari ina komawa, duk a wajen mai shayi nake faɗuwa. A karo na huɗu na daina zuwa teburin kwata-kwata, na koma shan koko a gida, ina gama cin abinci in sa asuwaki a baki in miƙe in taka. Wata biyu masu shayin suna cewa na yi girman kai. Kwana ukun farko kuwa har jikana na daka wa tsawa a kan ba komai, sai da na ba shi haƙuri. Yau shekara 11. Har gobe in na ji ƙamshinta a tasha raina yana biyawa, amma kafin in ƙirga ɗari ya wuce.

Maman Ilham:
Baban wa, ka yafe ni, wallahi sai da na yi dariya. Wai iyalinka ba su sani ba? Wace ce ke wanke maka kaya? Mu fa mata alawar TomTom da turaren da kuke fesawa a zaure ba sa ɓoye mana komai, kara kawai muke yi muku. Nawa maigidan shekara takwas yana zaton ban sani ba. Ka zaunar da ita ka gaya mata, ka ce za ka yi sati biyu zuwa uku kana saurin fushi, ta ja yara gefe. Ta san dalili ya fi ta zaci wata ce a waje ta juya maka kai.

Ɗan Tasha:
Oga ka koma goro kawai, ko tabar gari. Haka yayana ya yi ya rabu da ita.

Malamin Asibiti:
Ɗan Tasha, a'a. Tabar gari nikotin ɗin ne dai, wato sinadarin da ke sa taba ta kama mutum, aka sauya masa ƙofa, ga ciwon dajin baki. Goro kuma yana ɗauke da kafeyin, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin shayi, ba abin da mai hawan jini zai riƙa tauna dare da rana ba ne. Wani abin ma, taba tana sa jiki saurin ƙona kafeyin, shi ya sa in mutum ya daina, shayin da ya saba sha sai ya fi kama shi, barci ya gagara, ya ɗora wa rashin taba laifi. A rage ganyen shayi a makonnin farko. Idan abin ya tsananta akwai cingam da filastar nikotin da magungunan sha, amma Yaya ka koma wurin likitan da ke duba jininka ya zaɓa maka, kada ka saya a kemis da ka.

Abban Sadik:
Ni abin da na hango, sayen kara-kara ne ke riƙe da kai. Dokar hana taba ta 2015 ta haramta sayar da ita ɗaiɗai, sai dai kwali, amma wane mai tireda ne ya bari? Da kwali za ka saya da ka ji nauyin kuɗin, ka rasa inda za ka ɓoye shi. Yanzu canjin aljihu ne, ba ka ma jin fitarsa. Mai tiredan da ya san ka, kana doso shi ya zaro ba ka yi magana ba, shi za ka fara kauce wa. Ka sauya hanyar komawa gida ko da za ta yi maka zagaye.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Maman Ilham, ke kam Allah Ya shirye ki. Jiya bayan Isha na yi ta kame-kame na gaya mata. Ko ɗagowa ba ta yi daga ninkin kayan da take yi ba, ta ce tun muna gidan haya take tsintar ashana a aljihun kaftanina, shekara goma sha shida ke nan. Mun tsayar da Juma'a mai zuwa a matsayin ranar da zan daina, kafin nan ranar Laraba zan ga likita. Ta safe da ta rana ina ganin zan iya da dabarar Baba. Ta daren ce nake tsoro. Baba, kai lokacin da me ka cike wannan rabin awar kafin shiga gida?