Shin yadda mutum yake rubutu yana shiga ma'aunin neman aure ta waya?

Malamar firamare, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so kowa ya kawo abin da ya same shi da kansa, ba wanda ya ji a gari ba. Idan an nemi mutum da maganar aure ta Facebook ko WhatsApp, yadda mai neman yake rubutu yana da nauyi ko ba shi da shi? Bari in fara da nawa.

Watanni biyar da suka wuce wani makanike daga unguwar Yelwa ya karɓi lambata a wurin matar yayana, ya turo mini saƙo da sassafe, kuma har yau ban goge shi ba: "Salam, inna kouana, ya guida, ya aïki, Allah chi bamou lafia." Ni da nake wuni da jan biro ina gyaran littattafan yara, ina karantawa na ji hannuna yana ƙaiƙayi, na ce a raina ai ni ba innarsa ba ce. Kwana uku ban amsa ba. A rana ta huɗu na sake duba saƙon da idon aikina, sai na ga mutumin yana bin ƙa'ida, ƙa'idar ce dai ba ta Hausa ba. Duk inda muke sa u shi "ou" yake sawa, sh ya zama "ch", c ya zama "tch", gi ya zama "gui", daidai yadda aka koya masa a ajin Faransanci. Harsunan hukuma a Kamaru Faransanci ne da Ingilishi, kuma ni kaina ba a aji na san ƙ da ɗ da ɓ ba, a littattafan da mahaifina yake sayowa daga Kano na tsince su. Mun ci gaba da magana, kuma bai taɓa barin tambayata ba amsa ba, amma gaskiya har yanzu idan na ga "tchikin" a maimakon "cikin" sai raina ya ɗan sosu. Shi ya sa nake son in ji naku.

Ɗan kasuwa, Kusiri:

Malama, da da ma'auninki na kwana ukun nan aka auna ni, da har yau tuzuru nake. Ni ɗan makarantar allo ne, na sauke Alƙur'ani, kuma duk lissafin shagona da ajami nake yin sa. Kullum ina haye gadar Ngeli zuwa Njamena ina ciniki da Hausa da Larabcin Chadi da Fillanci, amma idan aka ce in haɗa layi biyu da boko sai gumi ya karyo mini. Da na fara magana da wadda take matata yanzu, kunya ta sa ɗan yayata da ke sakandare ne yake rubuta mini saƙonni, ni ina faɗa yana bugawa, wani lokaci ma yana ƙara gishirinsa. Aka yi wata biyu a haka, sai yaron ya tafi Marwa hutu, na koma ina lalube da kaina. Ba a yi kwana biyu ba ta tambaye ni ko an sace wayata ne.

Na rasa ta cewa, sai na yi mata saƙon murya na faɗa mata gaskiya. Daren nan na ɗauki takarda da alƙalami na rubuta mata wasiƙa cikakkiya da ajami, na ɗauki hotonta na tura. Ita ba ta iya karanta shi sosai ba, sai ta kai wa kakanta, wanda ya karanta ya ce a tambayi yaron nan a wurin wane malami ya yi karatu. Daga baya ta gaya mini cewa abin da ya ɓata mata rai shi ne wata biyun da ta yi tana hira da ɗan shekara sha biyar ba ta sani ba, kuma na yarda tana da gaskiya.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:

Nawa akasin na Alhajin Kusiri ne, kuma ban cika son tuna shi ba. Wanda ya neme ni da Faransanci yake rubutu, irin wanda ko malamin jami'a ba zai sami abin gyarawa ba, kowane wasali da alamarsa a kai, kowace waƙafi a mazauninta. Ya ce injiniya ne a Yawunde, iyayensa 'yan arewa ne. Ni kuwa da na gaji da masu "slt cv" (gajeriyar gaisuwar Faransanci, "salut, ça va"), sai na ɗauka na yi tsuntuwa, har ina nuna wa ƙawayena saƙonninsa ina alfahari. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa duk lokacin da na kira shi sai ya ce yana taro ba, ko me ya sa mai iyaye 'yan arewa bai taɓa jefo ko kalma ɗaya ta Hausa ko Fillanci ba. Bayan wata uku ya ce zai hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can ya shiga mota ya zo gaida iyayena, amma an yanke masa aljihu a tasha. Na tura masa sefa 40,000 ta waya. Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba.

Abin da ya fi asarar kuɗin ciwo shi ne ranar da wata abokiyar aikina ta nuna mini saƙonnin wani da yake nemanta da wani suna daban, na ga jimlolin nan dai da na haddace, ba a canza ko harafi ba. Ashe kyan ɗan maciji ne. Yanzu da ma waya take iya tsara wa mutum wasiƙa daga farko har ƙarshe, saƙon da ba shi da ko tabo ɗaya tsoro yake ba ni, sai na ji muryar mai shi kuma wani nawa ya san gidansu.

Malamin sakandare, Ngaundere:

Ina neman afuwar yayyena, amma kada mu wanke kowa da kowa da sunan rashin makaranta. Akwai wanda bai sani ba, akwai wanda ya sani bai damu ba, kuma na biyun ne na ci karo da shi. Na yi magana da wata da ta gama jami'a, in rubuta mata layi goma ina tambayar jikin mahaifiyarta da yadda jarrabawar neman aikinta ta kasance, ta amsa da "lfy", in na ci sa'a ta ƙara "ok". Wadda ta rubuta kundin digiri ba za a ce haruffa ne suka gagare ta ba. Na gane matsayina na janye.

Sannan kuskure yana iya juya magana. Wadda nake nema yanzu 'yar Yola ce, rubutun Najeriya ta saba da shi. Na taɓa rubuta mata game da ƙaninta cewa "ina son chi", ina nufin shi, sai ta amsa cewa in je in nemi abinci mana, domin a wurinsu "chi" ci ne. Wannan dariya muka yi. Wanda bai zo da dariya ba shi ne ranar da na karɓi kuɗin ɗinki da za a kai wa gwaggonta, ta rubuto mini "ka bata kudin". Ita "ka ba ta kuɗin" take nufi, ni kuma na karanta "ka ɓata kuɗin", na ɗauka zargina take yi da cin amana, na mayar da magana mai zafi wadda sai da na yi sati ina ba da haƙuri a kanta. Tazara ɗaya tsakanin "ba" da "ta" ita ce ta jawo wannan duka. Haka baki da baƙi, haka kura da ƙura. Tun daga nan duk maganar kuɗi ko ta iyaye da murya muke yin ta.

Uwargida, Njamena:

Maigidana Bafulatani ne, kuma Fillanci ba ya raba namiji da mace a wakilin suna, saboda haka saƙonsa na farko "ka tashi lafiya?" ne. Ƙannena sun yi ta tsokanata suna kirana ango. Shekararmu bakwai da 'ya'ya uku, har gobe idan ya gaji "ka" yake ce mini, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Wanda na kora kafin shi Hausarsa ras take, amma sau uku ina gyara masa yadda ake rubuta sunana, sau uku yana maimaita kuskuren. A na huɗu ma sunan wata ya kira ni da shi.

Dattijo mai ritaya, Garwa:

'Ya'yana, aron hannu a neman aure ba yau aka fara ba. A zamaninmu akwai masu zama da tebur a bakin gidan waya suna rubuta wa mutane wasiƙa a biya su, kuma yarinya ta san sarai ba saurayinta ne ya tsara kalmomin ba, shi ya sa iyaye ba su taɓa dogara da takarda ba, mutum suke aikawa unguwar yaro ya binciko halinsa da sana'arsa da sallarsa. Ita kanta ƙa'idar da Malama take karewa ba ta tsufa sosai ba. Haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930 suka zauna, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta taimaka wajen yaɗa su, alhali an daɗe ana rubuta Hausa da ajami kafin nan. Har yau ma Najeriya tana rubuta 'y a inda Nijar take rubuta ƴ. Duk da haka ina tare da malamin Ngaundere a wuri ɗaya: na hana jikata wani yaro da yake turo mata magana ba sallama, domin wannan ba a makarantar boko ake koyon sa ba.

Malamar firamare, Garwa:

Na gode, Baba, na gode 'yan'uwa. Maganar Alhaji ta Kusiri ce ta sa na daina ɓoye abin a raina, na gaya wa mutumin cewa rubutunsa yana ba ni wahala. Na zaci zai ji haushi, sai ya ce in nuna masa inda haruffan suke. Ranar da ya zo zance na saka masa allon rubutun Hausa a wayarsa, na nuna masa ƙ da ɗ da ɓ, ya tafi yana murna kamar yaron da aka saya wa keke. Washegari da asuba saƙo ya shigo: "Ina ƙwana, ƙin tashi lafiya?" Duk k da ya gani sai da ya lanƙwasa mata kai. Na amsa masa cewa ban ƙi ba, na tashi lafiya lau, kuma sai da ya kira ni na yi masa bayani kafin ya gane abin da ya rubuta. Yayana ya riga ya aika an yi tambaya a Yelwa da garejin da makaniken yake aiki, kawunansa kuma za su zo gaisuwa ranar Asabar bayan la'asar.